Shokar da Isuhu Ya Sayar Mini Tawa Ce

Zuwa ga Alhaji, shugaban masu sayar da kayan gyaran mota a layinku na Gusau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Sanusi, ina zaune a Damba. Ka san ni, ni ne na shigo ofishinka riƙe da ƙarafa biyu a buhu, ka ce in yi haƙuri kada maganar ta fita. To ga ta nan ta fita, kuma da gangan na fitar da ita.

Na farko, bari in faɗa wa waɗanda ba su sani ba abin da ya faru. Da damina bijimin huɗa ya ture mahaifina a gonarsa ta Furfuri, cinyarsa ta karye. Muka kai shi wurin maɗori a Kwatarkwashi, ya yi masa ɗori, ya riƙe shi a can. Da lokacin komawa gida ya matso, maɗorin ya ja mini kunne cewa ƙashin tsoho bai gama kamawa ba, kada a ɗauke shi a motar da za ta girgiza shi. Motata kuwa tsohuwa ce, shokabzoba ta gaba, wato shoka mai shanye girgiza, duk ta mutu, ko ɗan rami motar ta taka sai ta yi ta rawa. Na ce ba zan sa Baba a cikinta haka ba.

Ni nake gyaran motata a ƙofar gida tun da na saye ta. Na ɗaga ta da jak, na tokare da bulo, na cire tayoyi, na kwance shoka biyun, na matse sifirin na zare su. Ina da wata al'ada: duk abin da na cire mai hagu da dama, sai na sa magagari na yi masa tsaga a gindi, ɗaya ta hagu, biyu ta dama, don kada in rikice. Haka na yi musu.

Na biyu. Na kai su shagon Isuhu Mai Shoka, ɗan ƙungiyarka, a matsayin samfur, kamar yadda kowa ke yi. Ya juya su, ya ce irinsu sun ƙare amma kaya na hanya, in bar su don a gwada, in dawo ƙarshen mako. Na gaya masa dalilina, wallahi na gaya masa. Na ce tsoho mai karaya zan ɗauka. Har ya yi wa Baba addu'a! Da na dawo ya miƙo mini guda biyu baƙaƙe wuluk suna sheƙi, cikin leda da kwali. Na danna da hannu na ji tauri. Na tambayi tsofaffin nawa, ya ce ai 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe. Na biya shi, na yi masa godiya, na koma gida na ɗaura.

Na uku, kuma nan ne zuciyata take tafasa. Muka shimfiɗa wa Baba katifa a baya, na taso daga Kwatarkwashi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ba mu yi nisa ba na ji gaban motar ya fara laushi. Kafin in sami wurin tsayawa muka faɗa wani rami da ko Keke Napep ba zai dame shi ba, gaban ya buga ƙasa, motar ta yi tsalle. Baba, mutumin da ban taɓa jin kukansa ba ko ranar da aka ja ƙafar don ɗori, ya yi ƙara ya kira sunan Allah. Muka juya. Maɗori ya taɓa ya girgiza kai, ya ce ƙashin ya goce, kuma a shekarun Baba ba zai sake karya shi ba. Yanzu ƙafar ta warke a karkace, ta fi ɗayar gajarta. Baba a zaune yake sallah.

Da na sami kaina na sake kwance shokar. Baƙin mai ne ke tsiyaya daga jikinta, irin wanda ake juyewa daga inji. Na kankare fentin da wuƙa. Sai ga ɗigon walda inda aka huda aka ɗura man aka toshe. Na ƙara kankarewa ƙasa. Tsaga ɗaya. Na ɗauko ɗayar, na kankare. Tsaga biyu. Alhaji, kayana ne! Isuhu ya wanke mushen da na kai masa, ya ɗura masa baƙin mai, ya shafe da fenti har ya cike tsagar, ya sa a kwali ya sayar mini, yana sane da wanda zan ɗauka. Kai, wannan rashin imani har ina?

Na huɗu kai ne. Na kawo maka su, ka sa tabarau ka ga tsagar da idonka. Ka ce ƙaddara ce. Ka ce Isuhu mai iyali ne, za a ba ni wasu, a rufa wa juna asiri. Ban ji ka tambayi yadda Baba yake ba. Ƙaddara na yarda da ita, amma ba ita ta riƙe gwangwanin fenti ba. Kuma ka riƙe sababbin naka, ba na so, ba a mota zan ɗaura ƙafar ubana ba.

Ga abin da zan yi, don kada ka ce ban faɗa ba. Na ɗaure shoka biyun a kan rufin motata, na rubuta sunan Isuhu a allo da jan fenti. Duk ranar kasuwar Tsafe ina can, duk ranar kasuwar Bungudu ina can, sauran ranaku kuma idan na tashi aiki a gaban shagonsa zan ajiye mota. Duk direban da ya tsaya zan sa yatsarsa a cikin tsagar. Na riga na fara, kuma na ga mutum biyu sun mayar da kuɗinsu aljihu sun wuce. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ina so shagon nan ya koma wurin kwanan awaki. Maganar kuma tana gaban alƙali, can ma zan kai buhuna.

Buƙatata gare ka ba ta da yawa. Ka kore shi daga layinku a bainar jama'a, ba a ɗaki ba. Ka hana yaranka karɓar samfur su ajiye, mai kaya ya tafi da abinsa. Sannan ranar Juma'a ka ɗauko Isuhu ku zo Furfuri, ku tsaya a bayan sahu ku ga yadda ake cicciɓo tsohon da ya yi shekaru yana riga kowa zuwa masallaci, a zaunar da shi a kujera.

Allah ya ba ka ikon yin gaskiya, ya tsare iyayenka daga hannun irin su Isuhu, kada ka taɓa jin ƙarar da na ji a bayan motata.

Za su gaya maka Baba ya ce ya yafe. Gaskiya ne, ya faɗa, ƙafarsa ce kuma yana da iko. Amma ni ne na ɗaura ƙarafan nan da hannuna, ni ne na ce masa ya kwanta babu abin da zai same shi. Ni ban yafe ba.

Wassalam,
Sanusi, Damba, Gusau.