Inna, Har Yau Ban Goya Bilki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ladabi irin wadda kika koya mini. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana sai ke.

Kin rasu jikarki Bilki tana wata na biyu cikin simintin asibiti. Kin dai ga yadda likita ya ɗaure ta tun daga ƙirji har idon sawu, ƙafafu a ware, da sanda tsakaninsu, don ƙashin ƙugunta ya koma mazauninsa. Yarinya 'yar shekara uku, ba zama, ba lanƙwasawa. Ranar da na ɗauko zani zan goya ta, sandar ta tokare ni a baya. Ke kika karɓe zanin kika ninke.

Gari ya cika da sababbin motoci, kowa na cewa kuɗin man fetur ya zo. Amma daga Fagge zuwa asibiti, da wuya mu samu wadda za ta ɗauke mu. Direban tasi sai ya leƙo, ya ga ƙafafunta sun fi ƙofarsa faɗi, ya ja motarsa. Bas kuwa ko tsayawa ba ta yi.

Maman Ngozi, ƙawarki ta Sabon Gari, ita ta sa mijinta kafinta ya yanka mana katako daidai tsawon Bilki, ta shimfiɗa auduga a kai. Ke ta wajen kai, ni ta wajen ƙafa, haka muke tafiya. Kina cewa, "A hankali, ƙwai muka ɗauko."

Yanzu babu mai kama mini ɗaya gefen. Babanta yana Legas wajen aiki, sai saƙo. Ran Talata na nemo mai amalanke daga Kasuwar Singa, muka ɗora katakon da Bilki a kai, na lulluɓe ta da mayafi saboda rana. A hanya wasu dattawa suka miƙe tsaye suna salati, sun zaci gawa ce. Bilki ta ji su. Daga ƙarƙashin mayafin ta ce, "Umma, ki gaya musu ina nan."

A asibiti suka yanke simintin, suka ɗauki hoto. Ƙashin ya sake gocewa. Sun ɗaura mata sabo, wata uku kuma. Na tambayi likita ko za ta taka ƙasa, sai ya ci gaba da wanke hannunsa.

Inna, na gaji. Ita ma ta daina tambayar yaushe za a cire.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe miki. Ya ba ni ƙarfin da za a iya ɗaukar yarinyar nan da shi, ko da ba za ta tashi ba.

Taki,
Hadiza