Katin da Bai Wuce Ƙofar Meri Ba

Birnin Ƙonni, ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanena Maman Sani, a Bilma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ka, kai da iyalinka. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ya raya muku ɗiya, ya sa albarka ga aikinka. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai ke taɓa ta in ta daɗe zaune, amma bakinta lafiya lau, kullum sai ta yi ƙorafin ka manta da ita. Ɗiyata Nabila ta ci jarrabawarta ta lakwal, har malaminsu ya zo gida ya yi mana barka. Ruwa ya yi kyau bana, hatsi ya yi kai, waken ne kawai tsutsa ta ɓata. Ni da maigidana Labo muna nan Ƙonni gidan Kawu Badaru tun da aka sallamo shi daga likita, don nan ya fi kusa da inda ake wanke masa ciwo.

Dalilin rubuto maka shi ne maganar da ka yi mini a waya kafin layi ya yanke. Ka ce wasu mutane sun zo merinku, ofishin magajin gari, da tayin kula da lafiyar ma'aikata, kuma kai ne aka ba aikin duba takardunsu tunda kai ke riƙe da sha'anin ma'aikata. Tun ranar raina bai kwanta ba. Ka ji an yi wa Labo aiki a ciki, amma ba ka ji yadda abin ya kasance ba, domin mun ɓoye muku don kada hankalinku ya tashi a nesa. Yanzu ɓoyewar ta zama cuta. Gani ga wane, in ji masu magana, ya isa wane tsoron Allah.

Ka san Labo ya daɗe yana tuƙa motar kwasar shara a ƙaramar merin nan tamu ta Badagishiri. A da suna da asirans, wato inshorar lafiya. Ana cire wani abu daga albashinsa kowane wata, meri ta ƙara nata, a ba kamfanin asirans. In ciwo ya zo, ko a Ƙonni ko a Tawa, ka miƙa kati, su ɗauki kaso mai yawa, kai ka cika ragowar. Ba na ce ba su da aibi ba. Suna da jan ƙafa, kuma akwai magungunan da ba su biya. Amma lokacin da Nabila ta karye a hannu, su ne suka ɗauke mana nauyin. To bara sai ga wani mutum mai suna Awal, da farar mota da babbar riga mai sitati, ya zo da sunan wani kamfanin kula da lafiya. Aka tara ma'aikata a farfajiyar meri, aka auna musu jini kyauta, aka raba huluna masu tambarin kamfani. Ya ce musu wahala ta ƙare: ba sauran tafiya nesa, ba sauran cika ragowa, likita ce za ta zo har inda suke. Wani ya tambaye shi ko wannan asirans ce, ya yi dariya ya ce ai wannan ta fi asirans. Shugabannin meri suna zaune a gefe suna gyaɗa kai. Aka shafe wani ɗaki da farin fenti, aka sa gado da sikeli da kabad na magani, aka kawo wata ma'aikaciyar jinya mai suna Fadila. Aka karɓe tsofaffin katuna, aka ba su sababbi masu sheƙi da hoto. Abin da ake cirewa a albashi bai ragu ba. Labo ya dawo gida da hularsa yana murna, ni ma na taya shi.

Ranar kasuwar Badagishiri, yana cikin taimaka wa abokan aikinsa ɗaga wata ganga, ƙabar da ya daɗe yana fama da ita ta murɗe. Aka kawo shi ɗakin nan yana amai, zufa ta jiƙe shi sharkaf, aka aiko mini. Fadila, Allah ya saka mata, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce wannan ya fi ƙarfin ɗakinta, aiki ne na fiɗa, kuma in aka yi jinkiri hanji zai mutu. Na ce to a kira ambilans ɗin kamfani, wadda muka gani a hoton da aka manna a bango. Sai ta sunkuyar da kai ta ce ita ma a hoton ta san ta. Ta kira Awal, wayarsa na ta ƙara ba a ɗauka. Ƙarshe a bakin hanya muka tsayar da wata babbar motar siminti da ta taso daga Malbaza za ta Tawa. Direban, bawan Allah da ban san sunansa ba har yau, ya mai da yaron motarsa baya, ya kwantar da Labo a gaba, ya ƙi karɓar ko dala.

A likitar Tawa na miƙa kati da ƙarfin zuciyata. Matar da ke gishe, tagar karɓar kuɗi, ta juya shi gaba da baya, ta kira wata ta nuna mata, sannan ta ce mini cikin tausasawa ba su san wannan ba, ba asirans ba ce, ba su da wata yarjejeniya da masu shi. Ga ordonas, takardar sayen magani da kayan aiki, a hannuna, ga Labo yana nishi a kan benci. Na kira Kawu Badaru, ya kira wanda zai kira, ni kuma na aika a sayar da keken ɗinkina da tumakin nan biyu da nake kiwo, a farashin da mai saye ya ga dama, don mai neman gaggawa ba ya ciniki. Likitocin sun yi ƙoƙarinsu, ba su jira komai ya cika ba suka shiga da shi. Amma lokacin da aka ɓata a hanya da neman kayan aiki ya yi ɓarnarsa. Sai da aka yanke wani yanki na hanjinsa. Ya rayu, alhamdu lillahi. Sai dai likita ya ce ya manta da ɗaukar kaya mai nauyi, tuƙi ma sai an ga yadda hali ya yi.

Da muka dawo Ƙonni na nemi buron kamfanin har na same shi, wani ɗaki mai sanyi a saman shago. Awal ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa, yana ta kirana Hajiya. Na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya yi mini bayani a natse kamar mai koya wa yaro karatu. Ya ce kamfanin asirans kasada yake saye: kana ba shi kaɗan kaɗan, in babbar cuta ta faɗo, asarar tasa ce. Su kuwa aiki suke sayarwa. Meri ta biya su don su buɗe ɗaki, su ajiye ma'aikaciya, su auna jini, su ba da maganin zazzaɓi, kuma duk sun yi. Abin da ya wuce ƙofar ɗakin nan ba nasu ba ne, na meri ne. Na ce masa to me ya hana shi faɗin haka ranar rabon huluna, ya ce ai ba wanda ya tambaye shi dalla-dalla. Na je meri, suka ce ai sun ba kamfani. Na koma kamfani, aka ce ya fita. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayanin nasa gaskiya ne, kuma ya san shi sarai tun ranar farko. Ajiye shi ya yi sai da aka farke cikin mijina.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga Awal da mutanensa har gidan Kawu, wai sun zo dubiya, da katan ɗin madara da mai ɗaukar hoto. Labo, ka san shi da kunya, ya tashi zaune da ƙyar, suka ɗora masa hularsu, Awal ya dafa kafaɗarsa, aka ɗauka. Ba a yi sati biyu ba Nabila ta dawo daga kasuwa tana kuka, ta ce ta ga Babanta a wani babban allo kusa da tasha. Na je na gani da idona. Ga Labo a rame, idanu sun faɗa, ga Awal yana murmushi, an rubuta a ƙasa da Faransanci cewa suna tare da ma'aikaci a kowane hali. Tsayawa na yi a bakin titi, ’yan kabu-kabu na ta yi mini oda. Kawu ya je ya yi musu tas, suka sauke allon, amma na ji an ce hoton na cikin takardun da suke yawo da su gari gari. In ka buɗe waɗanda aka kawo maka ka ga surukinka a ciki, to ka san yadda aka samo shi.

Kada ka ce na ce ɗakin ba shi da amfani. Fadila ta gano hawan jini ga mutane da dama da ba su san suna da shi ba, kuma a wuri mai nisa kamar naku irin wannan ɗaki alheri ne. Amma a kira shi da sunansa, kada a karɓe wa talaka rijiya a ba shi buta a ce ta fi. Ma'aikatanmu sun kai kuka ta sandika, ƙungiyar ma'aikata, aka yi zama, aka sha shayi, aka sabunta wa kamfanin kwangilarsa. Don haka ina roƙonka, don Allah da darajar Inna, kafin ka sa hannu ka tara ma'aikatanku, ka tsayar da mutanen a gabansu, ka tambaye su da Hausa ba da Faransanci ba: in mutum ya faɗi aka kai shi Agadas aka yi masa aiki, wa zai biya? In sun fara zagaye-zagaye, ka riga ka sami amsa.

Shekaranjiya tsoho Yakuba, mai gadin meri, ya biyo motar kasuwa ya zo gaida Labo. Bayan an gaisa ya nuna mana wani kumburi a wuyansa da ya kai ƙwan kaza, ya ce Fadila ta ce lalle ya je Tawa, yana jiran a gama girbi ne. Sai ya zaro katinsa daga aljihu, a naɗe cikin leda, ya ce Allah ya sa ma suna da wannan. Ashe shi duk abin da ake ciki bai fahimta ba, ya ɗauka kuskure aka yi wa Labo kawai. Labo ya juya fuskarsa bango. Ni ce na zauna na gaya masa. Ya mai da katin cikin aljihu, sannan ya tambaye ni a hankali ko na san nawa ake sayen jaki yanzu a Illela, don shi ke nan abin da ya mallaka.

Ka gaida mini Bilkisu da kyau, ka ce na gode da dabinon da ta aiko. Ka shafa mini kan Habibu da Nasiru. Inna na sa muku albarka, Kawu Badaru da mutanen gidansa suna gaishe ku, Labo ma ya ce a gaishe ka, a kuma sa shi cikin addu'a. Allah ya tsare ka, ya sa ka fi ƙarfin zuciyarka a wurin aiki, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Zahara'u