Karen da Bature Ya Bar Mini

Malam, ka taimake ni, kwana bakwai aka ba ni.

Shekara tara ina kuku wurin wani Bature mai awon fadama. Da damina zazzaɓi ya kama shi a Rabah, ya mutu a hannuna. Abin da ya bar mini takalmansa ne masu ƙusa da ɗan karensa, wanda bai fi kyanwa girma ba. Ya ce in riƙe shi amana, na ce to. Na taho da shi gida Goronyo.

Malam, karen nan ba ya shiru. Da na doso zaure sai haushi. In na shigo ya dube ni, ya koma bakin ƙofa ya ci gaba. Nakan jefa mishi nama, kafin in zauna ya sake. Na ɗaure shi bayan rumbu, abin ya ƙaru. Matata Habi ta ware ƙwaryarta, ta ce gidan ya zama najasa. Maƙwabcina Mode, mahaifiyarsa na kwance ba lafiya, katanga ɗaya ta raba ta da haushin. Ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce in bai daina ba kafin Juma'a za a ba shi guba. Ban ga laifin Mode ba, amma alkawari na ɗaukar wa mai mutuwa. Mi zan yi? Ko takalman nan da nake sawa kullum, in na dube su sai zuciyata ta karye.

Tsohon Kuku, Goronyo

Tsohon Kuku, Allah ya ba ka ladan amana. Amma Mode yana da gaskiya, hutun marar lafiya ya fi ƙarfin kare. Ka je yau ka duba tsohuwar.

Naman nan kuskure ne, ka koya masa cewa haushi ke kawo abinci. Kada ka ba shi sai ya yi shiru. Ka kwance shi, ka zaga da shi bakin gulbi safe da yamma har ya gaji, ka nisanta makwancinsa da katangar. Ka ware masa kasko, hankalin Habi ya kwanta.

Kwana bakwai kaɗan ne, ba zan ɓoye maka ba. In Alhamis ta yi babu sauƙi, ka kai shi Sakkwato ka nemi Baturen da zai karɓa. Rabuwa ba cin amana ba ce, barinsa ga guba ita ce.

Kafin komai, ka tuɓe takalman. Duk sanda ka tako da su, karen ji yake maigidansa ya dawo, sai ya ga kai ne. Kullum sabon rashi kake kawo masa. Allah ya ba tsohuwa lafiya, ya ba ku haƙuri, kai da shi.