Neman Miji wa Walƙiya

Zuwa ga Yayana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya tsare ka a inda kake. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta dawo da yi mana faɗa.

Maganar Walƙiya ce ta sa na ɗauki biro. Ka san cikin karnukan farautar marigayi Baba ita kaɗai ta rage mana a gida. Likitan dabbobi ya duba ta, ya ce shekara bakwai ba wasa ba, ciki ɗaya ya rage mata, daga nan a bar ta ta huta. Wata biyu ke nan ina yawon nema mata miji kamar wani waliyyi. Wani kare ga kyau amma ƙarar bindiga na sa shi fitsari, wani kuma ƙugunsa a karkace.

Sai na ga na maƙerin bayan kasuwa. Yaya, ƙirji faffaɗa, haƙora garau, ba ya haushin banza, an kuma yi masa allurai. Har mun sa rana. Amma likita ya tambayi asalinsa, ya ce in jini ɗaya ne da ita, 'ya'yan kan zo da naƙasa. Maƙeri ya ce shi dai wani direba ne ya bar masa shi da girmansa.

Abin ya tsaya min a rai, don kullum na kalli farin da ke ƙafar karen ta hagu sai in ga na Walƙiya. Jiya na koma maƙerar, na laɓe bayan buhunan gawayi, na yi fiton nan na Baba, gajere biyu da dogo ɗaya. Karen ya bar ƙashin da yake gwaguya, ya zo da gudu ya zauna ta haguna, yadda Baba ke koya musu. Wallahi sai da na yi hawaye.

Don Allah ka tuna, ɗan'uwan Walƙiya da ka bayar bayan rasuwar Baba, wa ka ba? In direba ne, na fasa. Gara a ce ba ta bar baya ba da in haɗa ta da ɗan'uwanta.

Ka gaishe da matarka, da Kawu, da takwarar Inna. Kada ka yi nawar amsa, maƙeri na jira.

Ƙaninka,
Auta