Ciyawar da Na Gano Wai Ba Sabuwa Ba Ce

Don Allah a taimake ni, kaina ya ɗaure. Ban yi boko ba, maƙwabcina tela ne ke rubuta wannan, kuma na gargaɗe shi kada ya rage ko kalma ɗaya.

Shekara talatin da ɗaya ina ban ruwa a lambun masu binciken tsirrai. Sun sallame ni ba ko na gode, amma bar wannan. Ni na gano wata 'yar ciyawa mai jan fure a tsagin dutse, bayan tankin ruwa. Na kai wa babban malaminsu, ya yi ta murna, ya ce sabuwa ce a duniya. Ya rubuta min sunan da ya raɗa mata, kalma biyu: ta farko sunan danginta, ta biyu nata. Takardar tana cikin gwangwani har yau. Babu surukin da ban nuna wa ba.

'Yata ta tsakiya tana aiki a ɗakin karatu na jami'a. Na matsa mata ta duba min kundin da ake jera rubuce-rubucen masana a kan halittu. Ta buga kalmar farko a kwamfuta, sai ga rubutu sama da dubu biyu. Na miƙe ina kabbara a gaban mutane! Ta ja min riga, wai wannan na dangin ne kaf. Ta ƙara kalma ta biyu: uku rak. Na ukun ma cewa ya yi an soke sunan, wai an san ciyawar da wani suna tun ba a haifi ubana ba. Innalillahi! Na ce injinta ƙarya yake, ita ma ta bi sahun masu raina ni. Mako uku ke nan ban amsa gaisuwarta ba, ta aiko abinci in mayar. Uwarta ma ta ɗauke min wuta. Wa ya cuce ni?

Tsohon mai ban ruwa

Amsa: Baba, abin da zafi, ban musa ba. Amma babu wanda ya cuce ka. Masana sukan ɗauka tsiro sabo ne, daga baya a gano an riga an raɗa masa suna, sai a koma wa na farko. Malamin kuskure ya yi, ba yaudara ba. Idonka kuwa ya ga abin da masu digiri ke wucewa kullum.

Binciken ma bai ƙare ba. A sake duba kundin da tsohon sunan, sannan a nemo rubutun malamin a karanta wurin da ya gode wa waɗanda suka taimaka masa, a kuma tambayi inda aka adana ciyawar da ka kai bayan an busar da ita, don akan rubuta sunan wanda ya tsinko ta. Ban yi maka alkawarin sunanka na nan ba. Sai dai mutum ɗaya ce za ta yi maka wannan wahala, ita ce kake mayar wa kwano. Da ta raina ka, da ta bar ka kana kabbara a kan dubu biyun da ba naka ba.

Ka ci abincin nan, Baba, ka ɗauki gwangwaninka ka je ka same ta. Allah ya ƙara lafiya, ya sanyaya zuciya.