Taken Tsoho a Talabijin

Jamaica, Queens
3 ga Mayu

Zuwa ga Kawu Gariba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Inna Hawawu. Ya ciwon gwiwar? Tunda ka daina ɗaukar wayata, na ce bari in rubuta in ajiye a teburin hulunanka na Canal Street, ko takarda ta ci darajar da ban ci ba.

Kawu, na san na ɓata maka, amma ka saurare ni. Tashar nan ta 'yan Afirka sau uku kacal ta yarda mu gwada nuna dambe kai tsaye, awa ɗaya kowane zuwa. A na farko, kalangunka da kirarin 'yan dambe suka cinye minti ashirin da biyar. Masu talla suka yi ca a kan Kudus, firodusanmu, shi kuma ya sauke a kaina. Shi ya sa a na biyu muka sa kiɗa a na'ura, wallahi ba raini ba ne. To, na ga ta kaina. Ƙatti suka yi ta zagaya juna kamar masu neman allura, turmi uku ba kisa ko ɗaya, rabin masu kallo suka canza tasha. Mai shagon shinkafar da ke ba mu talla ya kira ni ya ce shi ba gaɗa ya biya a nuna ba.

Shekara tara ina jan akwatunan mutane a filin jirgi, na ajiye aikin saboda abin nan. In na uku ya mutu, an rufe shirin, ni ma na rufu. Don Allah ka dawo ranar Asabar 25 ga wata, amma minti uku kawai. Babban wasan tsakanin Alhassan ne, wanda Kudus ya raɗa wa Guguwar Bronx, da Yacouba ɗan Maraɗi, Zakin Sahara. Ga fosta nan na haɗo.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Mukhtari

University Heights
8 ga Mayu

Mukhtari,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, gwiwa da sauƙi. Innarka na gaishe ka, ta ce ka rame a talabijin.

Minti uku! Ko ɗaure tsarkiyar kalangu ya hi minti uku, ɗan nan. Kun hana maza ɗaura kara kun cusa musu hannu cikin safa mai kama da matashin kai, kun ce doka ce, na yi shiru. Kunka maye ni da na'ura, na yi shiru. Na'ura ta san sunan kakan wani?

Amma ba wanga ya sa ni rubutu ba. Na duba fostarka. Guguwa da Zaki, madalla da suna. Ka tambaye su sunansu na dambe kuwa? Ka tambayi wa ya fara ɗaura musu kara? Ba ka tambaya ba, don da kana tambaya da ba ka buga takardag ga ba. Duk su biyun Shagon Tsoho ne, wato almajiran ubanka ne a dambe, Allah ya jiƙan shi. Alhassan a Gusau ya koya. Yacouba kuwa lokacin da muke tahiya Maraɗi wasan kaka, a nan ubanka ya ɗauke shi, ni ina riƙe da kalangu. Ba su san juna ba don shekara shida ke tsakaninsu. Kai kuwa kana Kano kana boko, kana ce ma abokai ubanka ɗan kasuwa ne.

Shagon gida ɗaya ba su sa zare da juna, wa da ƙane ne. Ka canza ma ɗaya abokin karawa, ni kuwa in zo, ko minti ɗaya ne.

Allah shi yi maka albarka.
Kawunka, Gariba

Jamaica, Queens
12 ga Mayu

Kawu,

Salam, ina gaisuwa. Takardarka ta same ni, kuma ta hana ni cin abinci.

In canza da wa? 'Yan damben kirki nawa gare mu a garin nan? Sauran direbobin tasi ne masu tumbi, turmi ɗaya suke haki. Fosta ta shiga kowane masallaci da kowane shagon aski, kowa ya sa hannu a kwantiragi, tallar ma da fuskokinsu aka yi ta. Na ɗan taɓa wa Kudus maganar, ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, "Abokina, nan ba Gusau ba ne, a nan wa da ƙane ma dambatawa suke in akwai kamara."

Maganar Baba kuwa ta yi min ciwo, don gaskiya ce. Amma ka san don wa nake wannan wahala? So nake sana'arsa ta ci da mutane, ba mutum ya gama karya haƙarƙari ya mutu a gidan haya ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Tunda ba su sani ba, a bar kaza cikin gashinta. Ka zo, ka kaɗa duk abin da ka ga dama ban da taken Baba. Bayan wasa ni da kaina zan haɗa su in ba su haƙuri.

Ɗanka, Mukhtari

Jamaica, Queens
28 ga Mayu

Kawu,

Sallama kawai, don ba ni da bakin doguwar gaisuwa.

Ba ka amsa takardata ba, amma da na gan ka ka shigo zauren da kalangu a hammata na ce alhamdu lillahi, Kawu ya ji tausayina. Ashe! Ba mu taɓa samun masu kallo irin na ranar ba, Kudus har rawa yake a bayan kamara. Na kira Yacouba da makirfo, ya fito, ya nuna ka da hannu, sai kawai ka saki taken Baba. Yacouba ya ɗaga hannu yana tsuma yana kirari. Ban ankara ba sai ga Alhassan daga ɗaya kusurwar shi ma ya ɗaga hannu, yana amsa kirarin kalma da kalma. Suka tsaya suna kallon juna. "Kai ma na Tsoho ne?" in ji Alhassan. Yacouba ya tuɓe safar hannu ya durƙusa ya ce, "Yaya, gafara." Ƙatti biyu suna kuka a rungume, saura minti ashirin da biyu, ba mu da abin nunawa sai tallar shinkafa sau biyar!

Jiya tashar ta rufe shirin. Abin takaicin, guntun bidiyon yana yawo a wayar kowa daga nan har Yamai, kowa na cewa masha Allah, ba wanda ya biya ko sisi. Gobe zan je filin jirgi in roƙi tsohon aikina. Ka kashe ni, Kawu, kuma kana sane. Me na yi maka?

Mukhtari

University Heights
1 ga Yuni

Mukhtari,

Wa alaikumus salam. Na ji zahin aikinka har cikin raina, Allah shi musanya.

Ban yi maka alkawari ba, don ba ni iyawa. Ɗan dambe in ya nuna makaɗi, takensa yake nema, kuma shekara arba'in ban taɓa ba wani taken da ba nashi ba.

Innarka ta nuna min bidiyon. Ka sake duba shi da kyau. Ka ce mutum biyu sunka ɗaga hannu da jin taken Tsoho. Ni uku na ƙirga. Na ukun shina sanye da kwat, riƙe da makirfo, bakinsa na bin kirarin bai kuskure ko kalma ɗaya ba.

Ka zo Juma'a ka ci tuwo. Yayyenka biyu, Alhassan da Yacouba, za su zo.

Kawunka, Gariba