Layin Baba da Layin Asibiti

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Kwamitin gari ya zauna a kan intanet ɗin da aka jawo mana daga Tsanyawa. Eriya ɗaya, rauta ɗaya mai rarraba wa mutane intanet ɗin, mega biyar kacal, kuma ni ne mai kula da ita tunda ni na karanta kwamfuta a Bici. Na yi musu bayani cewa rauta layi take jerawa: kiran kowa da bidiyon kowa sai sun jira, ni nake gaya mata wanda za ta fara wucewa da shi. Ashe bakina ne ya ja min. Nan take suka ce a jera kamar rabon naman suna, babba kafin yaro. Wayar Baba Muhammadu Sani, wan mahaifina, a farko, tunda shi ya ba da fili da sola. Sai liman, sai dagaci. Kwamfutar asibiti ta zo ta shida.

Na ce to. Me zan ce?

Alhamis, 7 ga Agusta

Likitan Kano ranar Alhamis kawai yake duba marasa lafiyarmu ta bidiyo, bayan azahar. Daidai lokacin da Khalilu, ɗan Baba tilo, yake tashi daga aiki a Jidda ya kira. Dattawa su taru a gindin darbejiya, waya ta zagaya hannu-hannu, kowa sai ya gaisa ya tambayi gajiya. Awa guda cur.

Matata Sauda ta je asibiti, ƙafafunta a kumbure, cikinta wata takwas. Ikilima ma'aikaciyar asibiti ta ce fuskar likita ta daskare baki buɗe, muryarsa na zuwa a gutsure. "Ƙara" kawai suka ji. A ƙara magani ko a ƙara awo, oho.

Juma'a, 8 ga Agusta

Ikilima ta tare ni a bakin rijiya. "Kamaruddeen, matarka ce fa. Jininta ya hau." Kamar ban sani ba.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na bi Baba gona, suna maimai a gero. Na tsugunna, na gaishe shi, na yi masa barka da aiki. Na ce, "Baba, dama maganar asibiti ce." Ya ce ina ji. Sai harshena ya ƙi. Cikin fari ne. Ta yaya zan buɗe baki gaban wan ubana in ce matata tana da ciki? Ko sunanta ban taɓa kamawa a gabansa ba. Na ƙare da cewa rufin asibitin yana yoyo. Ya ce za a duba.

Na dawo ina zagin kaina har gida. Wawa kawai.

Talata, 12 ga Agusta

Na gwada dabara. Na rage wa 'yan kallon ƙwallo, na toshe masu sauke fina-finai. Abin da na samo bai taka kara ya karya ba, kiran Baba shi kaɗai yana shanye fiye da rabi. Na buɗe shafin rauta ina kallon jerin. Wallahi layi biyu ne kawai zan sauya, minti ɗaya bai kai ba. Na rufe.

Alhamis, 14 ga Agusta

Kiran likita ya sake yankewa, sau bakwai Ikilima ta ƙirga. Ta ce in ba haka ba a kai Sauda Kano. Gadar hanyar Ɗambatta ruwa ya ci gefenta, motoci sai zagaye, ga ramuka. Sauda ta ce kanta kamar ana daka, tana ganin walƙiya a ido. Ta ce min, "Kar ka damu, Malam." Da ma faɗa ta yi min, da ya fi min sauƙi. Tsoro nake ji.

Asabar, 16 ga Agusta

Ban ci abin kirki ba.

Alhamis, 21 ga Agusta

An yi magana da likita minti ashirin da biyar, ko sau ɗaya bai yanke ba. Ya canja magani, ya ce Litinin da safe a kawo Sauda, ya tanadi gado.

Ina bakin asibiti Baba ya aiko kirana. Na same shi ya ɗaga waya sama yana, "Khalilu, kana ji na? Khalilu?" Hoton ya tsaya cak a kan rabin murmushi. Wata goma sha huɗu rabonsa da ganin yaron a fili.

Ya ce in duba. Na karɓa, na jujjuya ta, na ce, "Hadari ne, Baba."

Ya ɗaga kai ya kalli sama. Rana ƙwal, ko ɗigon gajimare babu. Ya dawo da idonsa kaina, ya daɗe. Sannan ya saka wayar a aljihu ya ce, "Ya mai jikin?"

Na sunkuyar da kai na ce da sauƙi.

Ban mayar da jerin da na sauya ba tukuna. Gobe dai in Allah ya kai mu zan duba, ko bayan suna.